Mai gyaran da ya gano inda injin wanke kwanukana ke yoyo

Gaskiya wannan mai gyaran ya san aikinsa, kuma abun da yasa nace haka shine bai canza ko noti ɗaya ba sai da ya tabbatar daga ina ruwan yake fitowa. Injin wanke kwanuka na kicin ne ya fara yoyo, duk wankin da aka saka sai ka ga ruwa ya kwanta a gaban ƙofar ta ɓangaren hagu, ba dayawa ba amma kullum ne, har katakon kabad ɗin dake kusa ya fara kumbura. Duk wanda na faɗa wa sai yace robar ƙofa ce a canza kawai, nima da wannan tunanin na kira shi.

Da yazo sai yace Hajiya bari mu gani tukunna, ruwa a gaban ƙofa ba lallai laifin robar bane. Farko ya tambayi wane sabulu nake sawa, domin wai mutane dayawa suna zuba sabulun ruwa na wankin hannu, shi kuma kumfa yake yi sosai har ya cika injin ya ɓullo ta ƙasan ƙofa, injin na da nasa sabulun da baya kumfa. Na nuna masa nawa yace lafiya lau. Sannan ya bi robar da yatsa tun daga sama har ƙasa yana lanƙwasa ta, babu tsagewa, bata bushe ba, sai maiƙo da ya taru a kusurwa ya goge. Ya ɗora ɗan ma'aunin nan na magina a kai ya duba ko injin ya karkata gaba, domin in ya karkata ruwan cikin yana taruwa wajen ƙofa, nan ma daidai yake.

Inda ya burge ni shine da ya cire soket ya rufe famfon ruwa, ya kwance murfin ƙasa, ya shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashi sannan ya mayar da wuta ya buɗe ruwa ya kunna gajeren wanki, ya kwanta a ƙasa da tocila yana kallo. Yace lokacin da ruwan ya fara ɗiga shine yake faɗa maka mai laifi: in yana ɗiga tun injin na ɗibar ruwa to bawul ɗin shigar ruwa ne ko tiyonsa, in sai lokacin da yake zubar da ruwan datti to tiyon fitarwa ne ko zoben ƙarfen da ke matse shi ya saki, in kuma tsakiyar wanki ne to a duba ƙofa da farfelar da ke fesa ruwa da robar famfon ciki. Namu shiru har sai da aka fara fesa ruwa sannan ɗigon ya bayyana a kusurwar ƙofa, kwalin ciki kuwa ko ɗigo babu.

Ya buɗe ya zaro farfelar ƙasa, wannan hannun roban da ke juyawa yana fesa ruwa, ya ɗaga ta wajen haske ya ɗan matsa sai ga tsaga siririya a gefe inda aka haɗe rabi biyun. Wallahi da ido haka ba za ka gani ba, sai ruwa mai zafi ya shiga da ƙarfi take buɗewa, maimakon ruwan ya tafi sama kan kwanuka sai ya riƙa harbin ƙasan ƙofa kai tsaye, wajen kuma ba'a yi shi don ya tare ruwa mai ƙarfi haka ba. Wasu ramukan farfelar ma sun toshe da guntun abinci da farin dattin ruwa, wanda yace yana ƙara wa tsagar matsi. Da an canza robar ƙofar da kuɗi sun tafi a banza yoyon na nan.

Ya nuna min yadda ake murɗo rariyar ƙasa a wanke ta, ya kuma gargaɗe ni cewa duk ranar da naji famfon injin yana ta gurnani baya tsayawa to ruwa ne ya taru a farantin ƙarƙashi ya ɗaga ɗan abun dake shawagi a wajen, kar in tsaya ina danne-danne, in cire wuta in rufe ruwa kawai.

Abun da ban ji daɗi ba kuwa, bai zo a lokacin da muka yi dashi ba kuma bai kira ba sai da na neme shi, sannan baya yawo da kayan canji, sai da ya ɗauki lambar injin daga gefen ƙofa ya tafi nemo farfela muka koma wankin hannu kafin ya dawo. Amma sabuwar da ya kawo daidai lambar ce ba mai kama da ita ba, ya saka ya tsaya har cikakken wanki ya ƙare yana duba ƙasa, tayil a bushe. Kabad ɗin da ya kumbura yace wannan ba hurumina bane Hajiya, kafinta za ki nema, kuma a bar wajen a buɗe ya sha iska kafin a rufe.