Kwalba, shara da kofin ofis: Jamus da Ingila a idon ma'aikaci

Yaya, barka da war haka. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Inna? A gaishe min da kowa da kowa. Kin tambaye ni ko aikin Hamburg a nan Jamus ya fi wanda na yi a Manchester ta Ingila daɗi. Zancen albashi da haya sai mun yi waya. Abin da zan ba ki labari yau shi ne wasu 'yan ɗabi'u da abokan aikina suka ɗora wa kansu saboda muhalli, don a nan ne bambancin ƙasashen biyu ya fi fito min fili.

Bari in fara da kwalba. A Jamus robar ruwa ko gwangwanin lemo da ake sha a yar, akwai senti 25 da ake ɗorawa a kan kuɗinsa, suna ce masa Pfand, kuma tun 2003 ake wannan tsari. Idan kin shanye sai ki kai na'urar da ke bakin babban kanti, ki zura ta rami, ta jujjuya robar tana karanta lambar jikinta, ta haɗiye, sannan ta miƙo miki 'yar takarda ki karɓi kuɗinki wurin mai kanti. A sashenmu an ajiye akwati kusa da firji, kowa ya jefa tasa a ciki. Ranar Juma'a wanda layi ya zo kansa ya kwasa ya kai, kuɗin kuma a zuba a asusun sayen kofi da madara. Ban taɓa jin an yi wa wani wa'azi a kai ba, don ba mai jefa kuɗi a shara. A Manchester kuwa akwai takarda manne a bango tana roƙon mutane su tausaya wa duniya, ga robobi nan cike da kwandon da ke ƙarƙashinta. Ba wai Turawan Ingila sun fi rashin kula ba ne, robar ce ba ta da daraja a hannunsu. Sun dai sa Oktoban 2027 su ma su fara irin wannan tsari.

Shara ita ce ta fi ba baƙo wahala. Abokan aikina da kansu suka yanke shawarar cire kwandunan da ke ƙarƙashin tebura, aka bar guda huɗu a kicin: rawaya na leda da gwangwani da sauran abin da ake naɗe kaya, shuɗi na takarda da kwali, ruwan ƙasa na ragowar abinci, baƙi na tarkacen da ya rage. Kofin yogot sai an ɓare murfinsa daban kafin a jefa, don injin da ke tace sharar ba ya iya raba su idan suna haɗe. Akwai wata dattijuwa mai lissafin kuɗi da ke leƙa kwandunan, in ta ga ɓawon ayaba cikin takardu sai ta ɗago shi da yatsa biyu ta tambayi mai shi. Wani lokacin abin nata yana yawa, amma aiki yake yi. Ingila sai a ƙarshen Maris 2025 ta wajabta wa wuraren aiki masu mutum goma ko fiye su ware ragowar abinci da kayan da ake sake sarrafawa.

Kofin shan kofi kuma rabi da rabi ne. Tun Janairun 2023 doka ta ce manyan shagunan abinci da kofi su tanadi mazubin da ake dawowa da shi. Akwai kofin Recup, ki ajiye Yuro 1, ki mayar a duk shagon da ke cikin tsarin a ba ki kuɗinki. Sai dai mai shago ba ya cika tallata shi, in ba ki buɗe baki ba na takarda zai miƙo miki. Mu dai muna da guda shida a kabad, mai fita sayo wa jama'a ya ɗauka.

Wajen sufuri Jamus ta yi wa Ingila fintinkau. Tikiti ɗaya na wata, Deutschlandticket, ya ishe ki bas da jirgin cikin gari da na yanki a duk faɗin ƙasar. Ya fara da Yuro 49 a Mayun 2023, ya koma 58 a 2025, sannan 63 a 2026. Idan kamfani ya biya wa ma'aikacinsa aƙalla kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikitin, ana ƙara rage kashi 5. Wannan ya sa wasu suka ajiye mota. Sannan duk shekara akwai gasar keke ta kwana 21, Stadtradeln, kowane rukuni yana tara kilomitocinsa, ana gori ana dariya.

Amma fa kada ki ɗauka komai nasu ne. Bajamushe da takarda sai Allah. Abin da a Manchester muke gamawa a waya cikin minti biyu, a nan sai an buga, an sa hannu, an zura a ambulan. Suna fahariyar cewa takardar mai tambarin Blauer Engel ce, wadda aka sake sarrafawa, ni kuwa ina ganin rashin buga ta ya fi.

Rigimar da ba ta ƙarewa ita ce ta hita. A hunturun 2022, da gas ya yi tsada saboda yaƙin Ukraine, gwamnati ta hana ɗumama ofisoshinta fiye da digiri 19, kamfaninmu ya kwaikwaya, har yau bai koma ba. Kuma a tsakiyar sanyin sai wani ya kashe hitar, ya wage tagogi na minti biyar wai iska ta sauya. Ni da wani ɗan Siriya mun nemi a mayar da teburanmu can ƙuryar da ke nesa da taga, an ce za a duba a taron wata mai zuwa.

Ƙaninki.