Shagon irin alfalfa a hanyar Bukuru: iri mai kyau, bayani ya yi kaɗan

Alfalfa ciyawa ce da ake shukawa don ciyar da dabbobi. Irin da shagon nan ke sayarwa tsaftatacce ne, babu tsakuwa, babu 'ya'yan ciyawa, kuma nau'in da ba ya tsayawa da girma lokacin sanyi ne, wanda ya dace da tudun Jos. Kilo 15 zuwa 20 ya ishi hekta guda. Ƙwayar ƙanana ce ƙwarai, kada zurfin shuka ya wuce santimita ɗaya da rabi, in ba haka ba tsiron ba zai huda ƙasa ba.

Inda suka gaza shi ne maganar ƙasa. Yawancin ƙasar Filato tana da tsami, ita kuwa alfalfa tana son ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, ya kasance 6.5 zuwa 7.5. In ba a zuba farar ƙasa mai rage tsami tun kafin shuka ba, sai ganye ya yi rawaya, manomi ya ɗora wa iri laifi. Garin ƙwayoyin rizobiyom da ake cakuɗa iri da shi, wanda ke sa saiwa ta samar da sinadarin naitirojin, shi ma sai ka tambaya suke fito da shi. Fadamar da ruwa ke kwanciya kuwa, kada a shuka ta a can ko kusa, saiwar ruɓewa take.

Damin busasshiyar alfalfar da suke sayarwa kore ne, ganye bai kakkaɓe ba, alamar an yanke ta da fara fure. Amma na watan Agusta a sa hannu a tsakiyarsa: in da ɗumi ko warin fumfuna, an ɗaure shi da danshi. Ɗanya kuma kada a saki shanu masu yunwa a kanta, kumburin ciki ba ya jira.