Kai yara wajen wasa a Dubai: wane otel ya dace da gida mai yawa?

Tun da muka dawo mutane ke tare ni, a Kasuwar Dole, a bakin masallaci, har gidan suna, tambaya ɗaya ce: ina kuka sauka, nawa kuka kashe. Maganar kuɗi ku bar ta, aljihun Yaya Alhaji ne ba nawa ba, kuma farashin ɗaki a Dubai ba ya zama wuri guda, na yau daban na sati mai zuwa daban. Amma zancen masauki zan faɗa muku shi dalla-dalla tunda ni aka ɗora wa nema, wai ni ne mai karatun lekwal kuma kullum salula na hannuna.

Wurin sunanshi Dubai Parks and Resorts, a Jabal Ali yake, can ƙarshen gari hanyar Abu Dabi. An buɗe shi a 2016. A ciki akwai Motiongate, akwai Legoland da wurin wasan ruwanshi, akwai Real Madrid World da aka buɗe a 2024 a inda Bollywood Parks take da, sai Riverland inda gidajen abinci suke. Abin da ƴan kasuwarmu ba su lura da shi ba shi ne nisa. Mu in an ce Dubai, Deira muka sani, wajen Naif inda ake sarin kaya. To daga Deira zuwa wurin nan wajen kilomita 60 ne, kamar ka tashi daga Damagaram ka je Takeita ka ɗan wuce, kuma jirgin ƙasan cikin gari bai kai ka har ƙofa.

Mu 13 ne. Alhaji, uwargida, amarya, Hajiyarmu, ni, sai yara 8, daga budurwa mai shekara 16 har na goye. In ka buɗe shafin neman ɗaki a intanet ka rubuta haka sai ka ga abu ya rikice, don waɗannan otel ɗin an gina su ne don miji da mata da yara biyu, in an yi yawa uku. Kuma ko da za su ba ka babban ɗaki mai cin mutum takwas mu bai yi mana amfani ba, lissafinmu ba na gado ba ne, na wa zai iya kwana da wa ne. Samari biyu sun girma, ba za su kwana ɗaki ɗaya da yayarsu ba. Uwargida da amarya kowa da ƙofarta, ko a gida haka ne balle a tafiya. Hajiya kuwa ba a bar ta ita kaɗai ba. Da na zauna da biro da takarda sai ga ɗaki 5 sun fito: uwargida da ƙananan nata, amarya da nata, Hajiya da ƴan mata, ni da samari, sai turakar maigida. Eh, har a Dubai kwana bai faɗuwa, wannan ba ni na ce ba, matan ne suka tuna mishi tun a filin jirgin Yamai.

Akwai wani dillali a Deira, ba zan kama suna ba, da ya ce wa Alhaji a waya wai ɗaki biyu ya ishe mu, yara a shigo da su daga baya a shimfiɗa musu a ƙasa. Dan Allah kar wanda ya bi wannan shawara. A can kowane mutum sai an ga fasfonshi an rubuta shi a ɗakin da zai kwana, har jariri, kuma kowane ɗaki da iya adadin da aka yarda. Ka je da iyali da tsohuwa cikin dare a tsaida ku a gaban mutane ana ƙirga ku, wannan wulakancin ya fi kuɗin da kake son ragewa.

Otel uku ne a wurin. Legoland Hotel shi ne wanda yara ke kuka a kai in sun ga hoto, an buɗe shi a 2022, ɗaki 250, yana bakin ƙofar Legoland, kowane ɗaki da ɗan lungun yara mai gado sama da ƙasa, ko'ina kala-kala. Amma shi kanshi Legoland an yi shi ne don yara ƴan shekara 2 zuwa 12, to namu rabi sun wuce nan, samarin hankalinsu na wajen Real Madrid da manyan lilon Motiongate. Lapita kuma na masu kuɗi ne, na kamfanin Marriott, ga itatuwa ga pisin, har da wani ruwa mai zagayawa a hankali da ake kwanciya kan roba ya tafi da kai. Mun shiga mun gani, wallahi ya yi kyau. Sai dai duk kuɗin da ka gani ka ninka shi sau 5 tukuna ka yi magana. Alhaji na duban lissafin ya ce, "Kai ƙanena, kwana muka zo yi ko sayen gidan?"

Sai Rove at the Park, nan muka sauka. Mai tauraro uku ne, ba wani ƙawa, ɗakunan madaidaita, gado, kujera mai buɗewa ta zama gado, ƙaramin firigo, butar dafa ruwa, kilim mai sanyi sosai har Hajiya sai da ta sa aka rage. Abin da ya sa na zaɓe shi farko ɗakuna masu ƙofa a tsakani. Ɗakin uwargida da na Hajiya haɗe suke, in an bar ƙofar tsakiya buɗe ya zama ɗaki da falo, yara na kai da kawo ba sai sun fita baranda ba, kuma in Hajiya ta tashi da dare akwai mai jin motsinta. Amma ku sani, a shafukan intanet wannan ƙofar roƙo ne kake yi ba alkawari ba ne. Ni bayan na biya sai da na rubuta wa otel ɗin da kansu, na jera musu sunaye da shekaru ɗaki-ɗaki, na ce a sa mu hawa ɗaya, na tsohuwa kusa da asansar. Muna isa muka tarar an yi yadda na ce.

Na biyu, kuma wannan matan ne suka fi yabawa, wurin wanki. Akwai ɗaki da injinan wanki da na busarwa, kai da kanka kake zubawa ka biya kaɗan. Duk wanda ya taɓa tafiya da yara takwas ya san abin da nake nufi, yaro ya sha askirim ya goge a riga, ya shiga ruwa ya fito, na goye ya ɓata zane. In da a babban otel ne inda ake ƙirga maka wanki riga-riga da kuɗin wankin kaɗai ya sai wani tike. Amarya da budurwar nan kullum bayan isha'i suna can da kwando suna hira da wasu mata ƴan Indiya, ba mai jin yaren wani amma ana ta dariya. Akwai kuma ɗan kanti a ƙasa, ruwa, madara, burodi, ba sai ka nemi mota ba. Wurin salla akwai, alƙibla kuma an nuna ta a ɗaki.

Yanzu babbar maganar, wadda saboda ita nake cewa gida mai yawa ya kwana kusa da wurin wasan ko da ɗakin ya fi na Deira tsada. Babban hutun lekwal ɗinmu daga Yuli ne zuwa Satumba, kuma daidai lokacin ne Dubai ke tafasa. Mu da muka saba da zafin Afrilu muna ganin ba zafin da zai ba mu tsoro, to na can daban ne, ya wuce 40 kuma ga laima daga teku, gumi ba ya bushewa, kana fitowa daga kilim madubin idonka ya rufe. Manya za su daure. Amma na goye da tsohuwa ba su wuce awa biyu a waje. Da rana ta take sai mu rabu, Hajiya da amarya da ƙanana su koma ɗaki, ƴan mintoci ne a mota, su yi azahar su yi barci, ni da samari mu shige ɓangaren DreamWorks na Motiongate wanda yake rufe da sanyi a ciki, bayan la'asar a sake haɗuwa. Da a Deira muke wannan ba zai yiwu ba, ko dai kowa ya tafi don mutum ɗaya ya gaji ko kuma a bar jariri na kuka har dare. Ku dai tambaya a ƙofa kafin ku fita yadda za ku dawo da tiken ranar. Ga kuma kuɗin mota in daga Deira ne, tasi ƙarama mutum 4 take ɗauka, babba wajen 6, mu 13 ko manyan muka samu biyu ba su isa ba, sai uku, zuwa da dawowa, kullum. Gaskiya Rove ya ɗan fi sauran biyun nisa da ƙofofin, mai son ya fito ɗaki ya faɗa wasa kai tsaye sai Legoland Hotel ko Lapita.

Abinci ne inda aka ɗan sha fama, ba don ba kyau ba, don bakinmu ne. Nama halal ne wannan ba damuwa. Karin safe a zuba da kanka ne, ƙwai, burodi, wake, kayan marmari, yara sun ci har sun gaji. Hajiya kuwa ta duba ta duba ta ce, "Ɗan nan, duk wannan tarkace ba koko ba fura?" Allah ya sa uwargida ta taho da garin kunu da kilishi da yaji, butar ɗaki ta yi aiki. Ba a girki a ɗakunan otel, kar ku ɗauko risho. In kun san naku ba su iya kwana biyu ba tuwo to ku yi yadda muka yi, kwanakin wasa a nan, sauran a koma cikin gari a kama gida mai kicin, Alhaji ya yi sarinshi mata su dafa abin da suke so.

Wajen biya ku buɗe ido. Farashin da ake fara nuna maka wani lokaci ba haraji a ciki, akwai kashi 7 cikin 100 na hukumar birni, kashi 10 na hidima, kashi 5 na harajin saye. Bayan su akwai kuɗin baƙi da ake biya kan kowane ɗaki kowane dare, mai tauraro uku dirhami 10, mai huɗu 15, mai biyar 20. Dirhami 10 wajen jikka ɗaya da rabi ne ko sama kaɗan, ba yawa, amma ɗaki 5 ne fa. Yaron da ya kai 12 kuma yawancin wurare babba suke ɗaukarshi wajen abinci. Sannan ku gwada farashin ɗaki haɗe da tiken shiga da kuma ɗaki zalla, don ba kowa zai shiga kullum ba. Hajiya rana ɗaya ta leƙa ta ga mutane na juyawa kai ƙasa suna ihu ta ce ita ta gode, sauran kwanakin tana ɗaki da carbinta.

Wani ƙaramin abu, bakin caji na can mai ƙafa uku ne irin na Ingila, namu mai ƙafa biyu ne, ku sayi abin haɗawa kowane ɗaki guda in ba haka ba faɗan caji zai tashi tsakanin samari da yayarsu.

To wa zan tura ina? Mai mata ɗaya da yara uku ƙanana, duk ƙasa da 12, ya je Legoland Hotel, ɗaki ɗaya ya ishe shi kuma yaran za su more. Mai kuɗin da ba ya ƙirgawa ga Lapita nan. Gida irin namu mai ɗaki huɗu biyar, Rove, kuma in da hali a bari sai hutun ƙarshen Disamba lokacin da garin ya yi sanyi, sai dai a kama ɗakunan tun da wuri don lokacin ne kowa ke zuwa kuma masu ƙofa a tsakani su ke fara ƙarewa.