Baikal mai baki ɗaya da Beretta mai baki biyu: abin da kuɗin maharbi yake saya

Maharban da suke bin zabin daji da fakara bayan an kawar da amfanin gona sun daɗe suna jayayya a kan ko bindiga mai tsada ta fi mai araha kawo nama gida. Na yi harbi da bindigogi biyu da suke a gefe biyu na wannan jayayya, wato Baikal MP-18 ta Rasha, wadda tsofaffin maharba suka fi sani da IZh-18, da kuma Beretta 686 Silver Pigeon ta Italiya, wadda farashinta a Amurka ya haura dala 2,000, kuɗin da zai sayi irin Baikal ɗin da yawa.

Abin da ya kamata mai saye ya fara sani shi ne cewa idan bindigogin biyu masu lamba 12 ne a awon girman bututu, faɗin cikin bututunsu kusan ɗaya ne, wajen milimita 18 da rabi, kuma harsashi iri ɗaya suke ci. Harsashin da yake ɗauke da gram 32 na ƙwayoyin darma zai fita daga kowaccensu da ƙarfi kusan ɗaya, ya watsu, ya kuma rasa tasiri idan aka wuce mita 35 zuwa 40. Saboda haka duk wanda ya ce bindigarsa tana kai nisa domin ta yi tsada, ya jingina wa farashi abin da yake aikin harsashi ne da matsin bakin bututu. Zabon da ya tashi a mita 60 ya tsira daga dukansu biyu, kuma wanda ya harbe shi a wannan tazara yakan raunata shi ne kawai ya je ya mutu a sarƙaƙƙiya, abin da nake ƙi ƙwarai.

Ana ƙera Baikal a garin Izhevsk, kuma wannan samfurin yana fitowa tun shekarar 1964 ba tare da an sauya masa fasali sosai ba. Ana karya ta ne, wato a buɗe ta daga tsakiya, da wani ƙarfe da yake bayan kunama, a saka harsashi ɗaya, a rufe. Sassanta kaɗan ne, don haka abin da zai lalace ma kaɗan ne, kuma an shafe cikin bututunta da kurom, wanda yake rage tsatsa ga mai shiga fadama ko mai ajiye bindiga a ɗaki mai laima da damina. Nauyinta bai kai kilo 3 ba. Wanda ya taɓa fita tun asuba ya yini yana taka gonakin da aka girbe zai gane darajar wannan, domin bindigar farauta ɗaukarta ake yi awa shida kafin a harba ta sau uku. Amma rashin nauyin yana da nasa farashi, domin bindiga mara nauyi ta fi dukan kafaɗa, musamman idan aka sa mata harsashi mai ƙarfi. Kunamarta tana da ɗan tauri, katakonta ba na ado ba ne, aikin ƙarfenta kuma babu gogewa irin ta Turai ta yamma. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a nan maganar ta tsaya a kan ado ɗin kawai, domin wajen aiki ba ta da abin kunya.

Babban gibinta shi ne harsashi ɗaya. Idan garken zabi ya tashi aka kuskure, kafin a karya bindiga a cire kwanso a saka wani, sun yi nisa. Wasu maharba suna ganin wannan horo ne, tunda yana tilasta wa mutum ya yi sanɗa, ya matso kusa, ya natsu kafin ya taɓa kunama, kuma na yarda da su a kan tsuntsun da yake ƙasa ko zomo. A kan tsuntsun da yake sama kuwa, harbi na biyu yana da amfani na gaske, ko da don a ƙarasa wanda aka raunata.

A nan ne Beretta take nuna inda kuɗinta ya tafi. Kamfanin yana garin Gardone Val Trompia kusa da Brescia, kuma takardunsa sun nuna ya sayar da bututun bindiga 185 ga rumbun makaman Venis a shekarar 1526, wato sana'a ce da aka gada kusan shekara 500. Bututunta biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, kuma ana iya sauya matsin bakin kowanne, a sa na farko ya watsa ƙwayoyi da faɗi don tsuntsun da ya tashi kusa, na biyu ya tattara su don wanda ya riga ya yi gaba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda nauyinta ya daidaita tsakanin hannaye biyu, ta yadda idan aka ɗaga ta takan zauna a kafaɗa da kunci a wuri ɗaya kowane lokaci, ido ya bi saman bututu ba tare da an nemi saiti ba. An gina ta ne domin maharba da kuma mutanen da suke harba dubban harsasai a shekara wajen wasan harbin faifan yumɓu, kuma makullinta yana jure wannan. Tambayar da maharbinmu zai yi wa kansa ita ce ko zai harba ko da 200 a shekara, ganin yadda harsashi ya yi tsada. Sannan akwai ƙurar hunturu da take shiga ko'ina, da ƙayar da take karce katako mai sheƙi, da wuyar samun wanda zai gyara ta idan wani ƙaramin ƙarfe ya karye a ciki, domin sai an yi odar sa daga waje. A tsakanin waɗannan biyu akwai bindigogin Turkiyya masu baki biyu, irin su Huglu da Yildiz, ga mai son harbi na biyu da kuɗin da bai kai na Italiya ba.

Inda ban yarda a bi araha ba shi ne bindigar ƙirar gida da aka yi don ta ci harsashin kanti. Bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki tana da nata tarihi da mutunci a wurin maharba, kuma an san iyakarta. Harsashin zamani kuwa yana da matsi mai tsanani, shi ya sa a Rasha da Italiya doka ta tilasta a gwada kowace bindiga da harsashin da ya fi na yau da kullum ƙarfi, a buga mata hatimi, kafin ta shiga kasuwa. Bututun da ba a yi wa wannan gwaji ba yana iya yin shekara yana aiki, ranar da zai tsage kuma hannun hagu da fuskar mai shi ne a kusa. Bambancin kuɗin da yake tsakanin irin wannan da Baikal shi ne kuɗin da ya fi cancanta a kashe a duk wannan lissafi.

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta sa lasisin bindigar farauta irin waɗannan biyu a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, na bindigar toka kuma a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha, kuma bindigar da take sake ɗura kanta ko wadda ake ja wa hannu ta ɗura ba ta cikin rukunin da Sufeto Janar yake ba wa lasisi. Lasisin bindiga kuma bai halatta harbi a Yankari ko Gashaka Gumti ba. Duk wadda aka zaɓa, sai an fara da takarda kafin a je ga ciniki.

Ga maharbin zabi da fakara da zomo, Baikal nake ba da shawara, a kashe abin da ya rage a kan harsashi mai kyau mai ƙwayoyin darma masu lamba 4 zuwa 6 a awon girmansu, da man shafawa, da akwati mai kwaɗo da yara ba za su iya buɗewa ba. Beretta ta dace da wanda yake yawan harbin tsuntsu a sama kuma yake da hanyar samun gyara. Idan ta hannu za a saya, kowacce ce, a ɗaga bututun a hasken rana a duba ko akwai kumburi ko ramukan tsatsa a ciki, a rufe ta a girgiza a ji ko tana motsi a mahaɗa, a kuma karanta tsawon harsashin da aka rubuta a jikinta, domin wadda aka yi wa milimita 70 ba a sa mata na 76.