RAV4, Lexus RX, Forester ko Prado: wace mota mai ja da taya huɗu ta dace da kai?

Idan ka shiga wurin masu sayar da motoci a Kano, Kaduna ko Abuja kana neman jip, cikin abubuwan farko da dillali zai nuna maka akwai haruffan nan da ke manne a bayan but, AWD ko 4WD, wato motar na ja da taya huɗu. Daga nan sai farashi ya ɗaga. Kafin ka biya wannan ƙari, ka sani cewa motocin da ke ɗauke da wannan tambari ba aiki iri ɗaya suke yi ba, kuma hanyar da kake bi kullum ce ya kamata ta zaɓa maka mota, ba abin da maƙwabci zai faɗa ba.

Mu fara da RAV4 da CR-V, tunda su ne suka fi yawa a hannun jama'a. Toyota ta fito da RAV4 a 1994, Honda ta biyo da CR-V a 1995, dukansu an gina su a kan tsarin ƙaramar mota aka ɗaga su sama. A CR-V, da RAV4 daga ƙirar 2006, tayoyin gaba ne ke yin kusan dukkan aikin. Sai sun fara sulɓi sannan motar ta tura ƙarfi baya. Wannan ya wadatar ga unguwar da ba kwalta, inda damina ke mayar da layi taɓo, ko hanyar ƙauye mai yashi kaɗan. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 tana da wani maɓalli da za ka danna ya tilasta tayoyin baya su shiga aiki, amma da zarar gudu ya haura kilomita 40 a awa sai ya saki da kansa. An yi shi ne don fita daga inda aka maƙale, ba don doguwar tafiya a daji ba.

A wannan ajin, ni RAV4 mai injin lita 2.5, wadda ta fara daga 2009, nake fifitawa. Mai lita 2.4 ta 2006 zuwa 2008 ta yi suna wajen shan baƙin mai, kuma wanda bai saba duba sandar mai kowane mako ba zai iya wayar gari injin ya buga. Akwai kuma mai V6, wato injin silinda shida, lita 3.5, wadda ke da ƙarfin doki 269. Tana tashi sosai, sai dai fetur ɗin da take sha ya fi na 'yar'uwarta. CR-V ta fi faɗin ciki da daɗin zama ga iyali, amma aksil ɗinta na baya yana da nasa mai na musamman da Honda ke yi. In aka zuba masa kowane irin mai, ko aka bar shi ya tsufa, za ka ji yana gurnani duk lokacin da ka sha kwana.

Lexus RX kuwa, gaskiya yawancin masu sayenta ba don taɓo suke saye ba. Don kujerun fata ne, da shirun da ke cikinta, da yadda ake karɓar mutum idan ya sauko daga ita a wurin ɗaurin aure ko ƙofar ofis. Wannan ba abin kunya ba ne. Ɗan kasuwa ko ɗan kwangila ya san mota na buɗe masa wasu ƙofofin. Injin RX 350 ta 2007 zuwa 2022 ma nagari ne, V6 ɗin nan mai lita 3.5 da bakanikenmu suka sani ciki da waje saboda yana cikin Camry, Highlander da Sienna. Abin da nake so mai saye ya gane shi ne, RX motar titi ce. Bambarta na gaba yana ƙasa, nauyinta da yawa, kuma manyan ƙafafun da ke ƙara mata kyau suna zuwa da taya mara kauri, wadda rami ɗaya ke iya fasawa har ya lanƙwasa rim. In a cikin gari kake rayuwa, RX mai ja da gaba kawai za ta ba ka duk martabar da kake nema, da ƙarancin shan mai da ƙarancin abin gyara.

Wadda ba a cika kallo ba ita ce Subaru Forester, kuma ta fuskar aiki ana zaluntarta. Subaru na yin ƙananan motoci masu ja da taya huɗu tun 1972. Tayoyinta huɗu suna cikin aiki koyaushe, ba sai an yi sulɓi ba, injinta a kwance yake don nauyi ya zauna ƙasa, kuma ƙirar baya-bayan nan ta ɗaga daga ƙasa da santimita 22. A kan jar ƙasa mai santsi bayan ruwan sama, za ka ji ta riƙe hanya fiye da RAV4 da CR-V. Sai dai ba ta da kwarjini, ba wanda zai waiwaya don ka wuce. Mafi muhimmanci, je Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tambayi kayanta kafin ka saya. Abin da za ka samu na Toyota a shago na farko, na Subaru yana iya sa ka jira a turo daga Ladipo a Legas. Tsofaffin injinanta masu lita 2.5 suna da matsalar gasket, sababbin kuma suna zuwa da giyar CVT, wani nau'in giyar otomatik, wadda ba kowane bakanike ke iya taɓawa ba. In ba ka da gwani a garinku, ka haƙura da ita.

Haka maganar take ga Audi mai quattro da Mercedes mai 4MATIC, sunayen da suke ba nasu tsarin ja da taya huɗu. Audi ce ta ɗaukaka wannan fasaha a motocin titi lokacin da ta fito da quattro a 1980, har ta ci gasar tseren rali ta duniya a 1982 da 1984. A kan kwalta mai kyau tuƙinsu na da daɗi ƙwarai, kuma matasa na son surar GLK ta Mercedes. Amma kuɗin gyaransu ba na mai albashi ba ne.

Prado wani aji ne daban. Jikinta a kan firam yake zaune kamar na babbar mota, tana da ƙaramar giya ta musamman don hawan tudu da ratsa yashi mai zurfi. Wanda aikinsa ke kai shi gona mai nisa, ko hawan Mambila, ko ƙauyukan da ake tsallaka rafi kafin a isa, ita ko Hilux ce tasa. A Hilux kai ne ke shigar da tayoyin gaba da hannunka, kuma ba a barin ta a 4H, wato tana ja da taya huɗu, a kan busasshiyar kwalta, don hakan na cin kayan ƙasanta. Prado na da kwarjinin da ya wuce na RX, motar manya ce da 'yan siyasa. Wannan kwarjinin yana jawo ido a kan hanyoyin da tsaro ya yi rauni, kuma mai yawan tafiya ya sa wannan a lissafi. Ga shan mai, wanda tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 ya zama abin da ake fara tambaya.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka yarda da haruffan bayan but, don a kasuwa ake sayar da su a manna. RAV4, CR-V, Highlander da RX da yawa da ake shigowa da su daga Amurka gaba kawai suke ja. Sa a ɗaga motar, ko ka duƙa ka leƙa ƙarƙashinta. Mai ja da taya huɗu tana da farfela, wani dogon ƙarfe da ya taso daga wajen giya ya tafi har aksil ɗin baya, kuma daga aksil ɗin sanduna biyu sun fita zuwa tayoyi. Wani lokaci za ka ga aksil ɗin yana nan amma babu farfelar. Ta fara ƙara ne wani bakanike ya kwance ta ya ajiye maimakon ya gyara, sai ka biya kuɗin abin da ba ya aiki. Bayan wannan, nemi fili, ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali hagu da dama da gilas a sauke. Ƙugi, ko jin kamar motar tana turjewa, alama ce ta gyara mai tsada.

Duba tayoyin ma. Waɗannan motoci, musamman Subaru da Audi, suna son taya huɗu masu girma ɗaya da tsufa ɗaya. Ɗabi'ar nan ta sayen taya ɗaya ɗaya 'yar Baljiyam, kowace da sunanta, tana wahalar da abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya har ya lalace. Don haka ka sa kuɗin sababbin taya huɗu cikin kasafinka tun ranar saye. Kuma ja da taya huɗu yana taimakon tashi ne da riƙe hanya, ba ya rage nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya a kan jiƙaƙƙen titi.

Ga mai iyali da ke zaune a sabuwar unguwa mara kwalta, yana kuma zuwa ƙauye lokaci lokaci, RAV4 mai lita 2.5 da farfelarta a jiki ita ce zan ce ya nema. Kayanta na ko'ina, bakanike ya san ta, kuma ranar da ya so sayarwa ba za ta kwana a hannun dillali ba.