Kogin Densu da Gadojinsa: Saƙo Daga Akara Zuwa Kano

Yaya Malam, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, ka tambaye ni ko sha'anin ruwa da hanya a Akara, babban birnin Ghana, wadda tsofaffinmu na Sabon Zango suke kira Ankara, ya fi na gida. Na ga amsar ba za ta fito ba sai na bi da kai ta bakin kogin da muke sha, wato Densu.

Kogin ba babba ba ne, domin a wurare da yawa bai kama ƙafar Challawa a faɗi ba. Yana tasowa daga tsaunukan dajin Atewa, inda kogunan Birim da Ayensu ma suke ɓullowa, ya ratsa gonakin koko da rogo, ya yi tafiyar kimanin kilomita 116 kafin ya faɗa teku yamma da Akara. Abin da ya bambanta shi da namu shi ne daji ke ciyar da shi, ba kasafai yake komawa rairayi zalla da rani ba, shi ya sa duk lokacin da aka tayar da maganar haƙar ma'adinai a Atewa hankalin masu shan ruwansa yake tashi.

A Nsawam ya fi cancanta a tsaya. Kogin ne ya raba garin da Adoagyiri, inda akwai zangon mutanenmu, kuma gadar tsohuwar hanyar Kumasi ce ta haɗa su. A yankin ne kuma layin dogon da Turawa suka kammala tsakanin Akara da Kumasi a 1923 ya ƙetare kogin a kan gadar ƙarfe, wadda duk na gan ta sai na tuna tsohuwar gadar Tamburawa. Tsayuwar motoci a nan ce ta yi wa garin suna da burodi da soyayyar wutsiyar talo-talo, mata suna miƙa su ta tagar mota. Burodin yana da laushi da zaƙi, ya fi wanda masu shayi suke yanka mana a gida auki, amma ni dai ban ga ya kai gurasar Jakara da ƙuli-ƙuli ba. Tun da aka yi hanyar da ta kewaye garin, manyan motoci suka rage bi ta tsohuwar gada, masu tallar ma da yawa suka koma bakin sabuwar hanya.

Daga nan kogin yakan gangara Weija, inda aka datse shi tun ƙarshen shekarun 1970, kuma daga wannan madatsa ake tace ruwan yammacin Akara, gabashi kuwa daga Kpong a kan kogin Volta. A nan ne amsar tambayarka take. Gidan da ke da famfo yana da mita, takardar kuɗi tana zuwa duk wata, mutum ya biya ta wayar hannu ba tare da bin layi ba, kuma wannan tsari ya fi abin da na baro a unguwarmu. Sai dai ruwan ba kullum yake zuwa ba. Ranar da aka ɗauke shi za ka ga mata da yara da jarkoki rawaya, waɗanda ake kira galan ɗin Kufuor, da sunan tsohon shugaban ƙasar, masu hali kuma su sayi tanka guda. 'Yan garuwa masu tura kura har ƙofar gida ba su da yawa a nan kamar a Kano, kuma wallahi nakan yi kewarsu. Ruwan sha kuwa na leda ne, kamar can.

Ƙasa da madatsar akwai gadar hanyar Kasoa, garin da sunansa ya samo asali daga kalmarmu ta kasuwa. A wannan hanya an daɗe ana biyan kuɗin wucewa har zuwa Nuwamban 2021 da gwamnati ta soke shi, abin da mu muka gani tun zamanin Obasanjo. Idan damina ta yi ƙarfi aka buɗe ƙofofin madatsar, unguwanni irin su Tetegu da Oblogo su ne suke kwana cikin ruwa, saboda haka idan Ƙanenmu ya zo neman ɗakin haya kada arhar can ta ruɗe shi. Gaba kaɗan, wajen Bortianor, kogin ya bazu cikin fadama inda ake samun gishiri ta hanyar shanya ruwa a rana, mata kuma suke tsintar kawa, sannan ya shige teku.