Yoga ko Pilates: wanne za a koyar da mata a Katsina?

Wata 'yar'uwa daga Ƙofar Ƙaura tana son buɗe ajin motsa jiki na mata a gidanta, don masu ciwon baya da yawan damuwa. Ta ce yoga za ta koya ko Pilates, kuma shin yoga na gyara ruhi kamar yadda ake faɗa?

Hajiya, ta fuskar jiki tazararsu kaɗan ce. Yoga ta fi ba da ƙarfi wajen miƙa gaɓoɓi da sarrafa numfashi: a tsaya a siga ɗaya daƙiƙa 20 zuwa 30, a shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar ana ƙirga shida. Wannan jan fitar da numfashin shi ke kwantar da bugun zuciya. Pilates kuwa, wanda Bajamushe Joseph Pilates ya tsara, ya fi ƙarfafa naman ciki da na ƙugu, inda matan da suka haihu suka fi kuka.

Babban bambancin yana ga asali. Pilates ba shi da alaƙa da wani addini. Yoga daga Indiya ta fito, kuma a tsarin Patanjali, malamin yoga na zamanin da, mai matakai takwas, motsa jikin mataki na uku ne kawai. Sauran tarbiyyar ruhi ce irin tasu. Jerin nan mai sigogi 12, Surya Namaskar, ma'anarsa gaishe da rana, ga kuma furta "Om", kalmar ibada ta addinin Hindu. Shi ya sa majalisar fatawa ta Malesiya a 2008, da ta malaman Indonesiya a 2009, suka hana Musulmi yoga mai haɗe da irin waɗannan ibadu. Kwasa-kwasan horar da masu koyar da yoga na awa 200 da ake tallatawa a intanet galibi na ɗauke da wannan ɓangaren, don haka ki duba manhajar kafin ki biya kuɗi, ki kuma kai wa malaminki. A ganinmu ki ɗauki Pilates ya zama ginshiƙi, ki haɗa da numfashin da miƙar. Gyaran zuciya kuwa, sallarki da azkar ɗinki ne wurinsa, kada ki yi wa ɗalibai alkawarinsa.

Inda ake samun matsala: tabarma a kan siminti na zamewa, shimfiɗar roba ta fi. Mai hawan jini ko ciwon ido na gulakoma kada ta kifa kai ƙasa. Mai ciki ba ta kwanciya rub da ciki. A zafin Afrilu a yi bayan asuba, minti 30 ya isa, kuma a bar awa biyu bayan cin abinci.

Wadda ciwon bayanta ke saukowa ƙafa har ƙafar ta mutu, ko fitsari ya fara kuɓuce mata, ba ta aji ba ce. A kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina a ranar.